Kwado Biyu, Ƙofa Ɗaya

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, ko kuwa ke, don ke na fi zargi, Auta: ki sani in ni ban gan ki ba, Allah yana ganinki. Ba littafin soyayya ba ne, ba kuma na girki ba. Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da Malam ya ci da abin da ya faɗa, ni kuma hannuna ya zarce. In kina neman abin da ya faru a shago ranar Asabar ɗin nan, ki rufe tun yanzu, ba ya ciki. Magana zarar bunu ce. Wadda aka zara ranar ta ishe mu.

Litinin, da hantsi

An sallamo Malam daga asibiti. Alhamdulillahi. Ya dawo gidansa da ransa, ko da yake ba da ƙafarsa ba. Maƙwabta ne suka ɗauko shi a kujera daga mota zuwa ɗaki. 'Ya'yansa maza suna nan, Babba a jikin mota, Dogo a bakin ƙofa da hannu a naɗe da bandeji, kowa ya ƙi matsowa don kada kafaɗarsa ta gogi ta ɗan'uwansa. Na haifi ƙarti biyu, maƙwabta suka ɗauki ubansu. Na rubuta don kada in manta.

Likita ya ce ɓarin dama da ya shanye zai farfaɗo a hankali, baki ma haka. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: kada a tayar masa da hankali.

Na jawo ƙaramin tebur zuwa hagunsa, inda hannu mai lafiya zai kai. Kofi, cokali, magani. Ya sha rabin kofin shayi. Na gode wa Allah da rabin.

Talata, bayan azahar

Yayar Malam ta iso jinya, Goggon yara. Allah ya saka mata, ta bar ɗakinta da jikokinta ta taho. Ta yi kuka, ta yi masa addu'a, ta share ido da gefen mayafi, sai ta juyo ta ce mini, "Amarya, talabijin ɗinku dai yana aiki ko? Gobe Laraba."

Har yau Amarya take ce mini, ni da nake da suruka. Mace mai furfura, ƙaninta a kwance, ita lissafin Laraba take.

Shirin nan ne da ya ɗauke wa mutane hankali, na Laraba da Asabar bayan magariba. Wasu masu motocin haya ne su biyu suke rigima a kan tasha guda. Yau wannan ya sace wa wancan direba, gobe wancan ya maka wannan a kotu. Masu kallo sun laƙaba musu Sanƙo da Mai Gemu. Kafin abin nan ya same mu, su uku suke zama a falo: Babba na Mai Gemu, Dogo na Sanƙo, Malam a tsakiya yana alƙalanci. Ni ban taɓa zama ba. Ina da guga.

Na ce mata talabijin yana falo, kuma a falo zai zauna.

Laraba, da la'asar

Mai faci na gefen shagon Malam ya zo dubiya. Da zai tafi ya tsaya a tsakar gida yana sosa ƙeya, ya ce, "Maman Babba, kin san kuwa kwado biyu ne yanzu a ƙofar shago?"

Ban sani ba. Ashe tun ranar Babba ya kulle ya zura makullin ubansa a aljihu. Washegari Dogo ya je ya sayo wani kwado ya ƙara a kai. Wannan ba zai shiga ba sai da wancan, wancan ba zai shiga ba sai da wannan, kuma ba sa magana. Injin walda yana ciki, aikin mutane yana ciki. Wai akwai wani bawan Allah da ya tare a sabon gida yana kare bakin ƙofa da langa-langa, ƙofar da ya ba da aiki tana can jingine ba a gama ba.

Shekara da shekaru Malam yana ƙera wa mutane ƙofa, yau 'ya'yansa sun rufe tasa.

Na wanke zanin gado.

Alhamis, da safe

Malam ya yi magana! Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Babba ya shigo zai gaishe shi, daidai lokacin Dogo ya fito daga wanka. Ban ji abin da ya haɗa su ba, muryoyi kawai na ji suna tashi a tsakar gida. Malam ya ɗaga hannun hagu ya buga tebur har cokali ya faɗi. Ya ce, "Kul... kulle."

Na ce, "Malam, in kulle?"

Ya sake buga tebur. "Kulle."

Na tashi na zura sakata. Shi ya ƙera ƙofar da hannunsa, ƙarfe ce, ko giwa ba za ta ture ta ba. Na leƙa ta taga na ce musu, "Kun ji kalmar farko da ubanku ya iya faɗa. Daga yau gaisuwa ta taga, kuma kowa da lokacinsa. Babba da safe, Dogo da yamma."

Babba ya sunkuyar da kai. Abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Juma'a, bayan azahar

Yana ta cewa kulle. Na nuna masa sakata a zure take. Ya juya fuskarsa bango.

Lahadi, da safe

Jiya an yi shirin. Ina guga a baranda, muryar Goggo da ta Auta sun cika gida. Wai akwai guruf a waya, mutane rututu, babu abin da suke yi sai tsefe shirin kamar masu neman ƙwarƙwata. Abin da ake kai yanzu, wai akwai wata ƙa'ida a ɓoye tsakanin Sanƙo da Mai Gemu, wadda masu shirin ba su faɗa ba, sai mai ido yake gani.

Goggo ta biyo ni baranda da waya a hannu. "Ke dai ba kya kallo, amma ki ji. Tun da aka fara, kin taɓa jin ɗayansu ya ambaci uwar ɗaya?"

Na ce ban taɓa jin komai ba.

"To ba su taɓa ba. Da Sanƙo ya kwanta ciwo, Mai Gemu janye ƙara ya yi har ya warke. Babbar kuwa ita ce ta makulli. Duk ranar da suka haɗu aka ajiye makullin mota a kan tebur, ranar ba cuta. In makulli na aljihu, to ki jira sharri."

Auta ta ce, "Umma, wata ma ta koma ta kalli shirin tun daga farko ta tabbatar."

Na ce da tukunyarta ta koma ta duba da ya fi mata. Na ce mutanen ƙarya ne, rigimar ƙarya ce, makullin ma wataƙila ko keke ba ya tayarwa.

Goggo ta ce, "Ko a gidan giya akwai babba, Amarya. Ƙa'ida ai ƙa'ida ce."

Na ce, "Gidan nan ba gidan giya ba ne, Yaya."

Ta ce, "Shi ya sa na ga babu babba, sai mai sunan."

Na koma kan guga don girmanta. Rigar Malam ta ƙone a gefen aljihu.

Litinin, da la'asar

Ya ƙi romo. Ya ƙi ayaba. Ya sha ruwa, alhamdulillahi.

Talata, da hantsi

Mai motsa masa jiki ta zo. Yatsun dama sun fara amsawa, babban yatsa har ya ɗan lanƙwasa. Na gode Allah. Amma ta ce ya rame, ta tambaya ko akwai abin da yake so da aka raba shi da shi. Goggo ta buɗe baki, na riga ta, na ce babu. A shirin nan ihu ake yi da zage-zage, kuma na ji abin da likita ya ce.

Laraba, da yamma

Dogo ya zo taga. "Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Malam ya kalle shi, ya daɗe yana kallonsa, sai ya fara buga tebur. Kulle, kulle. Dogo ya ja da baya kamar wanda aka watsa wa ruwan zafi. Ya ce a hankali, "Umma, ni yake nufi ko?"

Na ce, "Ka tambayi kanka."

Daga baya na gan shi a bakin famfo yana kwance bandeji da haƙora, shi kaɗai. Na so in je in kama masa. Ban je ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nawa kuwa ban san lokacin da suka bushe ba.

Bai taɓa abincinsa ba. Gida ya zama na masu ƙin abinci.

Alhamis, da safe

Sabuwar rigima a guruf, wai tsakanin su biyun wa ya fi girma, mai fara ajiye makulli ko mai biyo baya. Sanƙo ne kullum yake farawa. Magoya bayansa suka ce jarumta ce, 'yan Mai Gemu suka ce tsoro ne. Wata ta fice daga guruf da fushi, Goggo ta kwana tana lallashinta. Da ana lallashin ɗan'uwa na jini haka da duniya ta zauna lafiya.

Ba a tambaye ni ba. Amma kowa ya san mai fara sallama shi ya fi lada.

Alhamis, bayan la'asar

Matar Babba ta shigo ido jawur. Wai wani abokinsa ya samar masa aikin walda a wani babban gini, gari mai nisa, Litinin ta sama za su tafi. Na aika aka kira shi. Ya durƙusa a bakin kicin.

Na ce, "Ubanka yana kwance za ka ɗauki jaka?"

Ya ce, "Umma, uban da ya farfaɗo, kalmarsa ta farko a kulle ni a waje, zaman me zan yi? Na san abin da na faɗa ranar. Ni ne na..."

Na ce, "Kada ka maimaita a gidan nan."

Ya ce, "To in na tafi wataƙila ya ci abinci."

Shi yana ganin shi ake nufi, Dogo yana ganin shi ake nufi. Na ce masa tafiya ba ta wanke laifi, sai dai ta kai shi wani gari. Ya ce in yi haƙuri, ya tashi. Makullin yana kaɗawa a aljihunsa har ya fita.

Na gode Allah da ya ba ni suruka mai faɗa mini gaskiya. Yau iyakar godiyar da na samo ke nan.

Juma'a, da magariba

Bai ci komai ba. Ya Allah.

Asabar, bayan azahar

Na fito daga wanka na tarar da Goggo da Auta sun kinkimo talabijin, waya tana jan ƙasa, sun nufi ɗakin Malam. Na tare hanya.

Goggo ta ce, "Matsa, Amarya. Ƙanina ne kafin ya zama mijinki. Ni na goya shi, na san kukansa na yunwa, na san na rigima. Wannan ba ƙin abinci ba ne, magana ce ta tsaya masa a wuya. In ihun shirin ya dame shi, da hannuna zan kashe."

Na matsa. Ba don na yarda ba, don kada su saki talabijin ya fashe.

Lahadi, bayan asuba

Zan rubuta yadda abin ya faru.

Jiya da aka fara shirin na zauna a bakin gado da kofin romo, na juya wa talabijin baya. Malam ya buɗe ido tar, rabon da in ga haka tun kafin asibiti. Can sai Goggo ta daki cinyar Auta. "Ga shi nan, ga shi nan, ya shiga ofishin Mai Gemu!" Na waiwaya ba da son raina ba. Sanƙo ya sa hannu a aljihu, ya zaro makulli, ya ajiye a tebur, ƙwas.

Malam ya buga teburinsa da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Kulle! Kulle!"

Na miƙe zuwa ƙofa. Na ce, "Malam, a kulle take, wallahi a kulle take."

Ba ƙofa yake kallo ba. Yatsansa yana kan talabijin. Daga nan ya dawo da shi ya dangwali tebur wuri biyu, nan da can.

Goggo ce ta sauka daga kujera ta durƙusa a gabansa, ta ce a hankali, "Makulli kake cewa, ɗan'uwana? Makullan yaran? A ajiye nan?"

Ya lumshe ido. Hawaye suka gangara har kunnensa. Ya ce, "Kulli."

Duk wanda ya ji shi a kwanakin nan zai rantse kulle ya ce. Bakin ya karkace, farkon kalmar ba ya fita. Duk wanda ya ji.

Auta ta ce, "Umma, ai Baba ne ya fara lura da makullin nan tun kafin 'yan guruf. Yakan ce wa su Yaya, ku ga maza, sun san inda faɗa yake tsayawa."

Ba wanda ya kalle ni, Allah ya saka musu da alheri. Na zare sakata, na tura ƙofar har ta daki bango, na tokare ta da kujera. Haka ta kwana.

Lahadi, bayan la'asar

Na aiki Auta ta kira su duka biyu, lokaci guda. Babba ya tsaya ta ƙafar gado, Dogo a jikin ƙofa. Tun asuba na shirya wa'azin da zan yi musu, har da inda zan tsaya in ja numfashi. Goggo ta riga ni.

"Ubanku bai ce a kulle ku ba. Makulli ya ce. Kun san ƙa'ida, ba sai na koya muku ba. Ga tebur."

Babu wanda ya motsa. Malam yana kallon wannan, yana kallon wancan.

Sai Dogo ya yi gyaran murya, ya ce, yana kallon silin, "Mu dai 'yan Sanƙo ba ma jin kunyar farawa." Ya tako ya ajiye nasa kusa da kofi.

Babba bai ɗago ba.

Goggo ta ce, "Kai kuma fa? Yaushe Mai Gemu ya taɓa barin makulli ɗaya shi kaɗai a tebur?"

Ya ce, "Ya taɓa, Goggo. Ranar kotu."

"Ranar ai a mota ya manta shi! An yi bayani a guruf, har da hoto!"

Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Ya sa hannu a aljihu, ya daɗe a ciki, sannan ya fito da shi ya ajiye.

Malam ya ɗora tafin hannunsa ya rufe su duka biyun. Ya jima a haka. Sai ya dubi kwanon romo ya buɗe baki. Babba ya tallafo shi ta baya, Dogo ya ɗauki cokali. Ya shanye tas, ya nemi ƙari.

Na fita duba shanya. Babu komai a igiya.

Alhamdulillahi da romo, da cokali, da yayar miji mai taurin kai. Amma ba su ce wa juna uffan ba, da za su fita kowa ya ɗauki nasa, kuma Babba bai ce ya fasa tafiya ba.

Talata, da hantsi

Sun zo tare jiya, sun zo tare yau. Ajiye makulli, ba da abinci, ɗaukar makulli. Ya ci shinkafa. Ya ci ayaba har yana neman ta Goggo.

Alhamis, da safe

Jiya an kalli shirin a ɗakin Malam, kowa da kowa, har matar Babba. Magana ta fara shiga tsakaninsu, amma ta bayan gida take bi. Babba zai ce, "Baba, ka gaya wa wasu mutane gwaninsu ɓarawon direba ne." Dogo zai ce, "Baba, ka gaya wa wasu gemu ba ya tuƙa mota." Malam a tsakiya yana ɗaga hannu yana raba su, ya koma bakin aikinsa na alƙali.

Ni guga nake yi, na dai matso da teburin bakin ƙofa saboda nan ya fi haske. Ba kallo nake ba. Amma in za a faɗi gaskiya Sanƙo ya fi tarbiyya, yana rusunawa in zai gaida tsoho.

Alhamis, bayan azahar

Auta ta shigo kicin da waya, fuska ba walwala. An yi hira da mutumin da yake fitowa a Sanƙo, aka tambaye shi batun ƙa'idar makulli. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wace ƙa'ida? Mai ɗaukar sauti ne ya ce makullan suna kaɗawa a aljihunsu, suna danne magana a makirfo, su riƙa cirewa suna ajiyewa in za su zauna. Faɗa kuwa a tsakiyar tasha ake yinsa, inda babu tebur.

Guruf ya kama da wuta. Goggo ta ce ƙarya yake, hana shi faɗa aka yi. Ta sake kallo, ta ajiye waya, ta shiga ɗaki ta lulluɓa har kai.

Yau ce ranar da ya kamata in ce ai na faɗa muku. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Tsoro ne ya kama ni. Zaren da ya ɗaure mini gida ke nan, an ce ashe yanar gizo ce.

Na ce wa Auta kada ta nuna wa yayyenta. Ta ce, "Umma, ai duk duniya ta gani."

Juma'a, da safe

Ba wanda ya zo gaisuwar safe. Matar Babba ta ce an ɗaure jaka. Malam yana kallon ƙofa, ni ina kallon tebur.

Juma'a, bayan la'asar

Sun zo. Babba ya fara shigowa, hannu a aljihu, ya tsaya bai ajiye komai ba. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa, shi ma haka. Goggo tana kujera ta haɗe rai kamar mai takaba.

Sai Dogo ya ce, "Yaya, ka ji labari? Ashe ƙara suke yi."

Yaya. Rabon da in ji kalmar nan a bakinsa tun ranar.

Babba ya ce, "Na ji." Ya girgiza aljihunsa, kacau-kacau. "Nawa ma yana yi."

Dogo ya girgiza nasa. Sai dariya ta ƙwace musu, Babba har ya dafa gado. Malam yana yi da rabin baki, gado yana rawa. Goggo ta ce su yi ta yi, Allah ya isa tsakaninta da mai ɗaukar sauti. Suka ajiye makullan suna share ido.

Na ga dama ta samu, na ce, "To ai mai sauti gaskiya ya faɗa. Makulli a aljihu yana hana a ji magana. Da kun ajiye tun farko, da na ji abin da ubanku yake cewa."

Babba ya ce, "Umma, ke nan laifinmu ne da kika ji kulle?"

Na ce, "Laifinku ne."

Ya ce to. Can ya dubi ƙaninsa ya ce, "Hannun fa?" Dogo ya ce ya warke. Babba ya ce, "Mu gani." Daga nan na ja Goggo da Auta muka fita, na kunna famfo da ƙarfi. Abin da suka ce wa juna da abin da suka ce wa ubansu ban ji ba, kuma ba na neman ji.

Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Jaka dai tana nan a ɗaure.

Lahadi, da yamma

Malam ya samu sabuwar kalma. Bayan ya ci abinci ya tura musu makullan da yatsa, har da taimakon hannun dama, ya ce, "Buɗe."

Ban taɓa ko ƙofa ɗaya ba. Na kira Goggo ta ji da kunnenta, na kira Auta ta zama shaida. Goggo ta ce, "Shago, ɗan'uwana?" Ya gyaɗa kai.

Babba ya ce, "Baba, gobe ne fa tafiyata. Na yi wa mutum alkawari."

Malam ya ce, "Buɗe."

Babba ya ɗauki makullinsa yana juya shi a hannu.

Litinin, da hantsi

Na ji ƙarar ƙofar gida da sassafe, na leƙa ta katanga. Su biyu ne, Babba a gaba, Dogo a baya. Babu jaka. A mararraba suka karya kwana ta hanyar shago, ba ta tasha ba. Na tsaya har suka ɓace, sannan na tuna ruwan shayi yana wuta.

Matar Babba ta ce ya kira abokin nasa tun jiya, ya ba shi haƙuri, ya haɗa shi da wani mai walda. Tana kwance jaka tana waƙa.

Litinin, bayan la'asar

Mai faci ya biyo ya ce tartsatsin walda har titi, an kai wa mai langa-langa ƙofarsa. Goggo ta koma guruf. Yanzu wai cewa suke mai ɗaukar sautin ma yana cikin ƙa'idar. Na dafa mata shayi da madara mai yawa.

Da suka dawo, baƙi ƙirin da hayaƙi, Dogo ya ce, "Umma, gobe zan cire kwadona, ya zama ba shi da amfani."

Na ce a'a. Na tara su a ɗakin Malam, na faɗa a gabansa, ya gyaɗa kai, kuma wannan karon na tabbatar da abin da yake nufi. Na rubuta a nan don kada wani ya ce bai ji ba, har da ke mai karatun sata.

Kwado biyun nan za su zauna a ƙofar shago muddin ina numfashi. Wanda yake son ya ci abinci sai ya tashi ɗan'uwansa su tafi tare. Makullan ba sa kwana a aljihun kowa, a teburin Malam suke kwana, kusa da kofi. Duk wanda ya shigo gidan nan da magana a bakinsa, ya fara ajiye makullinsa tukuna, kuma muddin yana kan tebur ba a ɗaga murya, ba a tono tsohon zance, ba a fita sai an ji ta ɗaya ɓangaren. In Malam ya faɗi kalma, mutum biyu za su ji kafin a aikata. Ranar Laraba da Asabar bayan magariba kowa ya hallara, kuma kujerar bakin ƙofa tawa ce, nan nake guga.